Kwana Bakwai Jirgina a Ƙarƙashin Gulbi

Jiya da la'asar na gan ku a tsakar gida kun duƙufa a kan waya, kuna kallon wani Bature yana tuƙa ɗan jirgi kamar ɓawon gyaɗa tsakanin sanduna, ruwa yana ta kumfa. Na ji ɗayanku yana cewa wanga ai ko shi ya iya, zama ne kawai da kaɗa hannu. Ban ce komi ba, don bakina da goro. Yau na tofar. Ku matso. Ke Saratu, ke ce mai alƙalami, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara min magana ta koma irin ta rediyo. Ni Kulu ban taɓa zama aji ba, amma abin da Baturen nan yake yi da hular kwano a kai, na yi shi da ɗankwali, da buhun albasa huɗu a gabana. Kuma ni ba don a tafa min nake yi ba, tuwon gidana ne a kai.

Kwatarmu, inda muke fiton mutane da jirgi, tana sama da Jega kaɗan, inda gulbi ya matse tsakanin duwatsu biyu kafin ya sake buɗewa. Da rani ko akuya ƙetarewa take yi da ƙafa. Da damina kuwa sai jirgi. Mutanen Gumbin Kure da ƙauyukan Maiyama masu kawo gero da kaji kasuwar Jega, da masu albasa na Aliero da Kashin Zama masu ƙetarawa da albasar da sunka adana tun rani, duk a hannunmu suke. Wanda bai son jirgi sai ya yi zagayen gada, ya iske kasuwa ta watse.

A kwatar akwai turakun ɗaure jirage guda bakwai a jere, amma ba ɗaya suke ba. Turken gaba yana gindin wata giyayya, ƙasar wurin tsakuwa ce, hanyar kasuwa a kansa take sauka. Duk wanda ya gangaro da kaya, jirgin da ke nan zai fara gani, ya shiga da takalminsa a bushe. Daga nan sai turakun su yi ta baya, su yi ta baya, har na ƙarshe, wanda muke ce wa Bakin Taɓo. Sunan ya ishe ku bayani. Mai turken gaba yana yin sawu biyar kafin na Bakin Taɓo ya samu ɗaya. Kuma turken ba gadonsa ake yi ba, ba sayensa ake yi ba, tsere ake yi a kansa kowace shekara. Zan zo kan tseren. Bari in fara da ƙoƙo.

Ranar da babana ya miƙa ni ga yayarsa, Gwaggo Tabawa, mai turken gaba a lokacin, na zaci filafili za ta ba ni in fara tuƙi. Sai ta miƙo min wani tsohon ƙoƙo mai ɗinki, ta ce in zauna a tsakiya in ba gaba baya, in yi ta kwashe ruwan da ke shigowa. Damina biyu ina kwasar ruwa. Ban ga inda muke zuwa ba, sai inda munka baro, da fuskar Gwaggo. A damina ta uku ta ɗaure mana ido da ƙyalle, ni da ɗanta Labbo, taubashina, ta zaunar da mu a kan katakon jirgi ba tabarma ba komi.

“Ido ƙarya yake yi a kan ruwa,” in ji ta. “Saman ruwa yana iya yin gabas, ƙasansa yana yamma. Da mazaunai ake jin gulbi. To ku faɗa min, ina yake jan mu?”

In ka faɗa daidai ta yi shiru. In ka kuskure, sai ka ji ruwan sanyi a fuska daga bakin filafili. Ni kullum a jiƙe nake komawa gida. Labbo kuwa kwana uku bai kuskure ko sau ɗaya ba, har Gwaggo ta fara cewa ɗan nata da baiwa anka haife shi. A rana ta huɗu ta kwance ƙyallen da kanta, ta ɗaga shi sama, sai ga rana tana leƙowa ta wata 'yar huda da ya yi da ƙaya. Ba ta buge shi ba. Ta dai ce ya je ya koya wurin ƙanen babansa, ita ba ta koyar da masu leƙe. Ya koya ɗin, kuma ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma da ido ya iya.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Jirgi na maɗaci, sassaƙa guda, wanda anka kawo wa Gwaggo daga kudu tun ban isa aure ba. Sandar tuƙi don wurin da ƙasa take kusa. Filafili don wurin da sanda ba ta taɓo ƙasa. Nawa na Gwaggo ne, mariƙinsa ya lotsa daidai yatsunta, sai da na yi shekaru kafin nawa yatsun su zauna cikin gurbin. Sai ƙoƙo. In jirgi ya tsage, ki cusa tsumma da bakin wuƙa, ki narka kwalta a gwangwani ki bi kai. Shi ke nan. Sauran aikin duk a jikinki yake.

Lodi shi ne rabin sana'ar. Akwai wani mai albasa na Kashin Zama, Malam Bawa, shi ne ya fara yarda ya ba ni kayansa ni kaɗai, ranar da ciwon ido ya hana Gwaggo fita. Buhu huɗu. Na sa biyu a tsakiya, ɗaya gaba, ɗaya kusa da ƙafata, na ce masa ya zauna a kan na tsakiya kada ya motsa ko ƙuda ya sauka a hancinsa. Mutumin nan tun da munka tashi yake jan carbi, bai buɗe ido ba sai da goshin jirgi ya daki tsakuwa. Ya sauka ya shafa gindin kowane buhu, don albasa ba ta gafarta ruwa, in ta jiƙa kwana biyu ta ruɓe. Ya iske su a bushe. Ya dube ni ya ce, “Ɗiyar Tabawa, ashe ke ma kin iya.” Tun daga ranar bai sake shiga jirgin wani ba.

Na ɗauki jaki, sai an rufe masa ido. Na ɗauki matan Fulani da ƙwaryar nono cike fal, ba wadda ta taɓa sauka tana zagina. Na ɗauki wani malami da ya ce shi mace ba ta tuƙa shi, ya tsaya jiran Labbo, Labbo ya yi masa gudun nuna gwaninta har ruwa ya fantsamo wa gafakarsa. Da zai komo sai na gan shi tsaye a bakin jirgina yana duban sama, kamar ba ni yake jira ba. Na ce, “Allah gafarta Malam, shigo, jirgin ne ke tafiya, ni rakiya nake yi.” Ya shigo.

To, tseren. Ana yinsa ne ƙarshen damina, sa'ad da gulbi ya cika yana huci. A matsatsin nan na tsakanin duwatsu masunta suna kafa turaku don tarkon kifi. Sarkin ruwa sai ya zaɓi turaku bibbiyu su zama ƙofofi, ƙofa takwas. A kan kowane turke a rataya butar duma da tsakuwa a ciki. Kowa shi kaɗai zai sauko, ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. In jirginka ko filafilinka ko kanka ya taɓa turke ko buta, butar za ta yi kuka, kacau, an ƙirga maka ɗaya. Shida daga ƙofofin da ruwa ake bin su. Biyu kuwa suna bayan duwatsu, sai ka wuce su, ka juyo, ka hau ruwa ka shige su ta ƙasa. Wanda ya fi kowa ƙarancin kukan buta shi ke da turken gaba, na biye da shi ya samu na biyu, har zuwa Bakin Taɓo. In biyu sun yi daidai, a duba wanda ya fi sauri. Ba a kiɗa, ba a guɗa, ba mai tari ma, sai jirgi ya fita ƙofar ƙarshe, don a ji butoci. Kuma da kaya ake yi, buhu huɗu, don abin da ake son sani shi ne wa za a ba amanar kayan mutane. Masu albasa su ke ba da buhunan, kowa ya ɗora wa wanda ya yarda da shi.

Da idon Gwaggo ya tafi gaba ɗaya, Sarkin ruwa ya ce ba za ta zauna gida ba, ita ce kunnen tsere. A zaunar da ita a kan dutse da kwanon ƙarfe a cinya da tsakuwa a hannu. Duk butar da ta yi kuka, ta jefa tsakuwa ɗaya a kwano, ta faɗi adadin da ƙarfi. Matar nan tana bambanta kukan buta da iska ta kaɗa da wadda jirgi ya taɓa. Ba a taɓa yi mata musu ba.

Damina shida a jere turken gaba yana hannuna. Rubuta shida, Saratu, kada ki rage. A huɗu daga ciki kwanon Gwaggo wayam ya koma gida. Labbo kullum shi ne na biyu ko na uku, kullum kuma da dalili: rana ta shiga idonsa, ko buhun da anka ba shi ya fi nawa nauyi.

Sai shekarar da anka yanka mana jihar Kebbi, anka raba mu da Sakkwato. Murna ko'ina, kowa yana neman abin da zai nuna na jiharsa. Wani ma'aikaci ya zo daga birni, saurayi mai fara'a da ladabi, da takarda a hannu da agogo mai maɓalli rataye a wuya. Ya ce manya za su zo kallon tserenmu, amma a cire kaya. A cewarsa ko'ina a duniya da jirgi wayam ake tsere, kuma in wani ya kife da buhuna a gaban baƙi ba daɗi. Sarkin ruwa ya yarda. Ni har dariya na yi. Na ce wadda ta wuce ƙofa takwas da buhu huɗu, in an sauke mata ai hutu anka ba ta. Ko gwadawa ban yi ba.

Ranar da na tura jirgin wayam cikin matsatsin nan, sai ya zama kamar ba nawa ba. Goshinsa ya ɗaga sama kamar akuya ta hango ganye. Na sa masa ƙarfin da na saba sa wa buhu huɗu, ya juya ya wuce inda na ce. Na gyara, ya wuce ta ɗaya gefen. Mazaunaina suna ba ni labarin ruwa daidai, amma jirgin a saman ruwan yake zamiya, ba ya cikinsa. Kacau.

“Ɗaya,” in ji Gwaggo, tsakuwa ta faɗa kwano.

Kafin in farfaɗo, “Biyu.” A ƙofar bayan dutse na rungumi turken gaba ɗaya kamar mun daɗe ba mu haɗu ba. Da na fita ta ƙarshe, cikin shirun nan, kowa ya ji muryarta: “Biyar. Wagga ɗiyar wa ce? Ni ban san ta ba.”

Labbo buta ɗaya ya taɓa. Shi dama tun can ba mai son lodi ba ne, yawo da jirgi wayam shi ne aikinsa, ashe shekara da shekaru shiri yake yi bai sani ba. Ya kwance igiyata daga gindin giyayya da hannunsa, ya naɗe ta da kyau, ya miƙo min da hannu biyu yana russunawa.

Ni kuma da buta biyar na faɗa turken ƙarshe. Shekarar Bakin Taɓo ita ce muguwar shekarata. Akwai wata tsohuwa daga Gumbin Kure da ta zo da kaji uku a kwando, ta iske sauran jirage sun tashi, sai nawa. Tsakaninta da jirgin taɓo ne har gwiwa. Na goya ta a baya, kwandon a kanta, kajin suna kuka, ita tana yi min addu'a a kunne tana kuma cewa in yi a hankali da zanenta sabo ne. Haka na yini ina goyon mata. Maza kuwa ba dama in goya, sai na riƙa ɗaura karan dawa ina shimfiɗa musu, kwana biyu taɓo ya haɗiye in sake wani. Masu kaya sunka gudu, ban ga laifinsu ba. Malam Bawa kaɗai ya tsaya. Sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya ɗauko buhu a ka ya luma cikin taɓo, in ya iso ya ce, “Ɗiyar Tabawa, bana dai ki gyara. Ƙafafuna ba na fadama ba ne.” Tuwon gidana ya ragu har yara sunka fara sanin hanyar gidan maƙwabta da maraice.

Labbo kuwa in ya cika jirgi sai ya bi ta gabana, alhali ba hanyarsa ba ce.

“Gimbiyar taɓo, a kawo miki sabulu daga Jega?”

“Ka dai riƙe min turken da kyau, aro na ba ka.”

“Aron da ba ranar biya. Ki ce in nema miki aikin kwasar ruwa a jirgina, na ji an ce kin ƙware da ƙoƙo.”

Na gwada tuƙin wayam iya gwadawa. Na rage ƙarfi, na matsa gaba na zauna, na koma baya. Na samu sauƙi, amma hannun da ya yi shekara ashirin da nauyi ba ya mantawa a damina ɗaya.

Tsakiyar damina masassara ta kwantar da ni kwana biyar. Anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba mai kwashe min, jirgin ya cika ya nutse a turkensa. Da na tashi, ni da maigidana, Allah ya jiƙansa, munka jawo shi munka kwashe. Ina gamawa sai na ji wata mata tana kira daga ƙetare. Na shiga wayam na tafi ɗauko ta. Jikina ba ƙarfi, hankalina ba ya wurin, da na iso inda ruwa ke juyawa sai hannuna ya yi tsohon bugunsa na buhu huɗu ba tare da ya tambaye ni ba. Jirgin ya bi. Ya juya daidai inda na ce, ya tsaya daidai inda na ce. Na duba gabana, ba buhu ko ɗaya. Na ƙwanƙwasa gefen jirgin, maimakon ƙarar busasshen itace sai na ji ta toshe. Itacen ne ya sha ruwa har bakinsa, ya ƙoshi, ya zauna cikin gulbi. Bayan kwanaki rana ta buge shi ya koma rawarsa. Ban faɗa wa kowa ba, ko maigidan.

Saura kwana bakwai tsere, da hantsi, kowa yana kallo, na ja jirgina zuwa inda ruwa ya kai ƙirji, na yi ta loda masa duwatsu har ya shige. Na ɗaure igiyarsa a turke na hau tudu. Maigida ya tare ni.

“Kulu, kwana bakwai ba fito, mi za mu ci?”

“Kifinka. Ai kai ma sana'a gare ka.”

Kwata ta ɗauka. Wasu sunka ce taɓo ya taɓa min kai, wasu sunka ce mutanen ruwa na kai wa jirgin su yi masa aiki. Labbo shi kuma ya jawo nasa kan tudu ya ɗora a kan itace, rana tana gasa shi don ya ƙara sauƙi, yana shafa masa man kaɗanya kamar amarya, yana fiton mutane da jirgin ƙanensa. Sauran ma duk sunka bi shi. Ya same ni a gindin tudu ina gyaran kifi.

“An ce kin sa jirginki makaranta wurin kifaye. Yaushe zai sauke?”

“Ranar da za ka sauka daga gindin giyayya.”

“In kin rasa na shiga, ƙwaryar wanki tana nan gidanmu.”

Ranar tsere da safe munka cire duwatsu, munka kwashe ruwan tas, na goge cikinsa da tsumma. Maza huɗu sunka ja shi suna nishi. Ma'aikacin nan yana bin jirage yana duba ko wani ya ɓoye kaya. Ya leƙa nawa, ba komi sai ƙoƙo. Ya kama goshin zai ɗaga, ya kasa. Ya sake gwadawa da hannu biyu.

“Inna, wanga jirgi mi ya ci?”

“Ruwa ya sha, ɗana. An hana?”

Ya duba takardarsa gaba da baya, ya ce ba a hana ba.

Labbo ne ya fara, don shi ke da turke. Zan faɗi gaskiya ko ba ya nan: ban taɓa ganin ya yi tuƙi irin na ranar ba. Jirgin nan kamar gashin tsuntsu, yana ratsa ƙofofi yana wucewa. A ƙofofin bayan dutse ruwa yakan kwashe shi ya yi ƙasa da shi, sai ya yi doguwar kwana ya hauro da bugu goma sha, amma ya shige lafiya. Ya fita ta takwas, kwanon Gwaggo wayam. Kwata ta ɗauki guɗa. Wato ni yanzu kada buta ta yi kuka ko ɗaya, kuma sai na fi shi sauri, da jirgi mai nauyin saniya.

Ni ce ta ƙarshe, don daga Bakin Taɓo na fito. Ƙofa ta ɗaya da ta biyu jirgin yana tafiya kamar tsohuwa za ta gaisuwar mutuwa. Na san an bar ni baya, ina jin idon mutane a wuyana. Amma ya zauna. Duk abin da ruwa ya yi a ƙasa ina jinsa. Da na zo dutsen farko ban yi ƙasa ba kamar sauran. Bayan dutse akwai ruwa mai komawa baya, ɗan siriri, faɗinsa bai fi tabarma ba. Jirgi marar nauyi in ya sa kai a nan cilli ake yi da shi. Na cusa goshin nawa a ciki, na kafa filafili na riƙe, babban ruwa ya kama bayan jirgin ya juya min shi da kansa. Bugu uku na shige ƙofar. Abin da Gwaggo ta koya min ke nan, kuma da buhu huɗu kaɗai yake yiwuwa, ko da jirgin da ya sha ya ƙoshi.

A dutse na biyu na so in ƙara yanke hanya, na matse fiye da kima. Jirgin ya wuce turken da kamar faɗin yatsa biyu, amma butar tana lilo daidai fuskata. Ba wurin kaucewa. Na saki jiki na kwanta rigingine a kan katako, na ga gindin butar ya wuce saman hancina, har na ga inda anka toshe ta da tsumma. Kaina ya taɓa ruwa, gulbi ya tafi da ɗankwalina. Na tashi na buga, na fita ƙofa ta takwas da kai a buɗe, gaban manya, gaban malamai. Abin da hannuna ya samu shi na kifa a kai, wato ƙoƙon kwasar ruwa. Don haka in kun ga Baturenku da hular kwano, ku sani na riga shi.

Ma'aikaci ya duba agogo, ya sake dubawa, ya ce na riga Labbo da 'yan daƙiƙu. Kafin a yi guɗa Labbo ya shiga tsakiya.

“Buta ta yi kuka. Ita ta cire mata ɗankwali, kowa ya gani. Ni na ji da kunnena.”

Wasu sunka ce sun gani, wasu sunka ce ba su gani ba. Sarkin ruwa ya ɗaga hannu, kowa ya juya wajen dutsen da Gwaggo take zaune. Ku tuna, Labbo ɗanta ne na cikinta, a gidansa take, daga turken nan ake dafa tuwon da take ci. Tsakuwa ɗaya in ta jefa, ba mai musu, ni kuma in koma turke na biyu in ƙara shekara ina kallonsa a gindin giyayya. Tsakuwar tana hannunta, ina ganinta tana juya ta.

Sai ta ɗaga kwanon ta kifa shi. Ba abin da ya faɗo.

“Na ji ruwa,” in ji ta. “Na ji filafili. Na ji numfashin Kulu, kamar na jaki a kan tudu. Buta ban ji ba. Sai yanzu da nake jin bakinka.”

“Inna, ni ne fa ɗanki.”

“Na sani. Kai ne ka huda ƙyalle.”

Da la'asar na kwance igiyarsa daga gindin giyayya, na naɗe ta da kyau, na miƙa masa da hannu biyu ina russunawa. Malam Bawa ya zo washegari da takalminsa a ƙafa, ya taka tsakuwa ya shiga, ya rufe ido yana jan carbi, sai da munka kai tsakiya ya buɗe ido ɗaya ya ce ƙafafunsa suna gaishe ni. Gwaggo kuwa daga ranar tuwonta na dare daga gidana yake zuwa, har ta bar duniya, ko da yake kullum sai ta ce gishiri ya yi yawa.

Shekara ta zagayo, saura kwana bakwai tsere, na fito kwata na iske turaku shida da igiyoyi sun nutsa cikin ruwa, ba jirgi ko ɗaya a sama. Duk sun loda duwatsu. Kuma ranar kasuwar Jega ce. Mutane cike da gaɓa biyu, ni kaɗai ke fito, har hannuna ya kumbura. Sarkin ruwa ya zo ya ga abin, ya ce wagga hauka ta isa, daga bana a koma tsere da buhu huɗu kamar yadda anka gada. Na ƙara cin damina uku kafin gwiwa ta ce in sauka.

Labbo yana nan da ransa, kun san shi, tsohon nan mai sanda da ke zuwa kowace sallah. Kun sha tambaya don mi ba ya sallama kamar mutane, sai ya tsaya a ƙofar gida ya ciro 'yar butar duma daga aljihu ya yi ta kaɗawa. To yau kun ji. Shekara talatin da wani abu yana kaɗa min ita, yana jira in ce na ji. In ya zo bana ku shimfiɗa masa tabarma, ku ba shi fura, ku ce ina ciki. Ku ce masa har yanzu ban ji komi ba.